Ƙafar Baffa

Shekara tara ke nan ina tare da ciwon suga, amma ban taɓa jin tsoronsa irin na 'yan makonnin nan ba. Ba nawa ne ya tashi ba. Da safen nan ma na soki yatsa, na'ura ta nuna 118, alhamdulillahi. Ƙanen mahaifina ne kwance a asibiti, an cire masa yatsun ƙafa biyu, likitoci na jiran su ga ko naman da ya rage zai yi rai.

Kaskon wuta ne sila. Lokacin hunturu, bayan sallar asuba ya miƙa ƙafa yana jin ɗumi, gyangyaɗi ya ɗauke shi, tafin ƙafar ya ƙone har ya yi bororo, shi kuwa ko a jikinsa. Haka suga yake idan ya daɗe yana sama: yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, daga yatsu yake farawa, ya kuma rage jinin da ke isa ƙafar, sai ɗan rauni ya ƙi warkewa. Ya fi shekara yana ce mana kamar auduga yake takawa, da dare kuma kamar an barbaɗa masa barkono. Muka ce sanyi ne. Da ya ga ƙunar sai ya zura safa ya yi shiru, har sai da wari ya tona asiri.

Daga nan kowa ya zama malami. Wasu suka ce takawa ya yi, wani mai magani ya duba ya ce daji ne, kuma daji ba ya son allura, idan aka kai shi asibiti fashewa zai yi. Aka yi ta shafe-shafe da turare har yatsun suka yi baƙi.

To, jama'a, ni fa ba mai maganin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ni ne. Duk gidanmu babu wanda ya san ciwon nan kamata. Na san Baffa ya ajiye metformin ɗinsa, ƙwayar maganin suga, saboda wai ya ji sauƙi. Ina zaune a gabansa ake zuba masa suga cokali uku a shayi. Sau ɗaya tak na yi magana, na ce, "Baffa, ai maganin nan ba a ajiye shi, ko da kun ji garau." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake shan shayina. Abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa." Na sunkuyar da kai, na ce haka ne. Na kira wannan ladabi. Da a ranar na daure na ce ya cire safa in gani, iyakaci ya yi mini faɗa ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Yau ina ganin da hakan aka yi, da ya fi mana arha.

Kunya da kara abin alfaharinmu ne, ban musa ba. Amma wannan ciwo ba ya ihu, ba ya kwantar da mutum kamar zazzaɓi balle a tausaya masa a kai shi asibiti. Yana cin ido da ƙoda da ƙafa ne a ɓoye, mutum na zuwa kasuwa yana dawowa. Idan yaro ba zai iya duba ƙafar uba ba, mata ba za ta iya hana miji lemon kwalba ba, wa zai gani kafin a makara?

Kada kuma a ce duk taurin kai ne. Akwai babu. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Na'urar gwaji sau ɗaya ake saye, amma 'yan tsinken da ake sa mata kullum su ne ke cinye aljihu. Insulin, allurar masu suga, na son sanyi, ga wuta babu, shi ya sa wasu ke ajiye shi a jikin randa. Likita ya ce rage shinkafa da tuwon masara da burodi, alhali su ne abin da talaka ke iya cika ciki da shi. Duk mai cewa wai ciwon masu kuɗi ne, ya zo ɗakin da Baffa ke kwance ya ƙirga masu kuɗin.

Abin da ba na yafewa shi ne wanda ba ya buƙatar ko sisi. Masu dubiya na shigowa da katan ɗin lemo da Maltina, wani da kwalbar zuma. Ban musa falalar zuma ba, amma ku gwada jinin mai suga bayan ya sha ku ga lamba. Ga masu cewa ɗaci na kashe zaƙi, a yi ta ɗura wa mutum jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, ƙoda na ɗaukar nauyi. Baffa kansa ya shekara yana gudun insulin, wai wanda aka fara wa allura ya kusa tafiya, maganin da tun 1922 yake tsamo mutane daga bakin kabari.

Gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata uku, HbA1c, wanda ake so ya sauka ƙasa da 7 ga yawancinmu, nasa 11 aka samu. Ƙodarsa ma ta fara gajiya. Likita bai ambaci wankin ƙoda ba tukuna, amma na san abin da yake nufi: sau biyu ko uku a mako, awa huɗu a jikin inji, gonarsa ba za ta kai mu ko'ina ba.

Jiya ina gyara masa matashi ya riƙe hannuna, ya ce, "Kai naka yaya?" Na ce da sauƙi, Baffa. Ya ce, "Ka riƙa duba ƙafarka." Na kasa ce masa komai. Da na koma gida na ɗauko madubin matata na ajiye a ƙasa, na duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, na ga wani ɗan kaushi ya tsage a dunduniyar hagu wanda ban san da shi ba.

Ranar Alhamis za a sake buɗe ƙafar Baffa a yanke shawara. Ku sa shi a addu'a.