Kuɗi kai tsaye ba ya hana bincike

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, nake ta jin mutane a Sakkwato suna cewa ai ciyaman ya fi ƙarfin tambaya. Na fahimci dalilinsu, suna ganin an cire hannun gwamna.

Amma hukuncin kan hanyar da kuɗin ke bi ne da kuma hana gwamnoni naɗa kantomomin riƙo, bai hana bincike ba. Har yanzu kansiloli ne ke amincewa da kasafi, kuma Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha yana duba littattafan duka ƙananan hukumomi 23 na Sakkwato, rahotonsa ya je Majalisar Dokoki. Idan takarda ta ce an haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyenku, babu ko rami, kansilan mazaɓarku za ku fara tarewa.