Ku bar uwar mamaci ta riƙe allurarta

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da Madina.

Duk mai sallah a Harami ya san sanarwar jana'iza da ake yi bayan liman ya sallame, wani lokacin a ce akwai ƙaramin yaro. Sai ka ga mutum ɗaya ya rungumo ɗan likkafani a ƙirji, ko makara ba a nema. A kai shi maƙabartar Shara'i ko ta Mu'alla, a aza dutse, babu suna babu rubutu. Uwar tana gida, tunda a nan mata ba sa bin gawa maƙabarta. A yi kwana 3 ana gaisuwa, ana zuba gahawa, ana "Allah ya sa mai ceto ne", daga nan kowa ya kama gabansa. Ita kuma a bar ta da 'yan riguna da takalmin da aka saya don sallah.

Akwai wata baiwar Allah a wajen Shari' Mansur a Makka da ta rasa ɗanta yana rarrafe. Watanni ba ta magana sai da ka. Ran nan ta jawo kwandon zarenta ta fara saƙa hular jarirai, tana yi hawaye na ɗiga a kan zaren, in layi ya karkace ta warware ta sake. Duk gidan da aka haihu sai ta aika da guda. Wallahi da kunnena na ji ana cewa, "Oh ni, har ta manta?" Wata kuma ta ce ai da carbi ta riƙe da ya fi. To wa ya gaya miki harshenta ba ya tasbihi alhali hannunta na saƙa? Baƙin cikin da aka zaunar wuri ɗaya kamar ruwan kududdufi yake, ruɓa yake yi.

Annabi (SAW) ya rasa 'ya'yansa 6 cikin 7, Nana Faɗima kaɗai ta rayu bayansa. Da Ibrahim ya rasu a Madina a shekara ta 10 bayan hijira, bai cika shekara 2 ba, idanunsa masu albarka suka zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Annabi ya ce masa wannan rahama ce, ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi.

Kuma addini bai ce a bar mai baƙin ciki ba magani ba. Bukhari ya ruwaito cewa idan aka yi rasuwa, mata suka watse, Nana A'isha takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, domin ta ji Annabi ya ce tana rage baƙin ciki. In kunu ya zama sababi, me zai hana allura? Nana Zainab bint Jahsh da hannunta take sana'a ta yi sadaka da abin da ta samu. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ɗan uwanta Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837, marsiyya ta rubuta masa, malunta ba ta hana ta ba. Zanen abu mai rai dai malamai sun yi magana a kansa, a tambaye su. Ɗinki da kwalliyar hula da zayyanar allo da rubuta waƙe, ƙofarsu a buɗe take.

Sai ku masu cewa "yarinya ce ke, za ki sake haihuwa", da masu raɗa mata "mai wabi" a bayan ido, ku ji tsoron Allah. Wannan da kuke gani, a hadisin Tirmizi, in ta yi hamdala ta yi istirja'i, wato faɗin Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, gida ake gina mata a Aljanna mai suna Baitul Hamdi. In za ku je wurinta bayan arba'in, ku tafi da zare ko yadi ko littafin rubutu, ku ambaci yaron da sunansa. In kuka ga ta daina ci ta daina barci, a kai ta wurin likita, ba raunin imani ba ne.

Uban ma a duba shi. Shi ya saka ɗan a ramin da hannunsa, washegari ya koma aiki, ba wanda ya tambaye shi ya ya kwana.