Intanet mai gudu da asuba, mai rarrafe da dare

Duk mai intanet na layin tarho a gida ya san wannan hali. Da safe komai sumul, bidiyo na buɗewa tun kafin ka ɗauke yatsa. Ƙarfe takwas na dare na yi sai hoto ya dusashe, muryar wanda kake magana da shi ta riƙa yankewa, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi a tsakiyar allo. Ka kira kamfani, a ce maka ka kashe na'urarka ka sake kunnawa. Sau tari an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wayar da ta shigo ɗakinka taka ce kai kaɗai, amma iyakarta cibiyar tarho ta unguwa, ko akwatin kamfani da ke bakin titi. A can akwai na'urar da ake kira DSLAM, wadda ke tattara layukan ɗaruruwan gidaje ta zuba su cikin babbar hanya guda mai fita zuwa sauran duniya. A wannan mahaɗa gizo ke saƙar. A ɗauka, don misali kawai, gidaje 500 aka sayar wa megabit 20 kowanne (megabit shi ne ma'aunin gudun intanet). Alkawarin megabit 10,000 ke nan. Idan hanyar fita megabit 1,000 take ɗauka, babu wanda zai lura da tsakar dare. Amma ranar da gidaje 200 suka zauna kallo lokaci ɗaya, rabon kowa ya koma megabit 5, kuma kowa kuɗin 20 ya biya.

Raguwar gudu ma ita ce ƙaramar illa. Idan hanya ta cika, bayanai kan yi layi suna jiran juna, waɗanda ba su samu wuri ba a watsar da su sai an sake aikowa. Mai sauke fayil zai ƙara haƙurin minti biyu ya wuce. Ɗalibar da ke darasi kai tsaye, da ma'aikacin da ke taro ta bidiyo, su ne ke ji a jikinsu, don magana ba ta jure jinkirin ko da rabin daƙiƙa.

Ba na cikin masu cewa raba hanya zamba ce. Da a ce kowane gida za a ware masa cikakken rabonsa dare da rana, da intanet ya fi ƙarfin yawancin mutane, kuma da hanyar ta wuni fayau babu mai bi. A farkon ADSL, wato intanet ta layin tarho, a Birtaniya a fili ake faɗa: rabon hanyar fita na masu layin gida mutum 50 ke raba shi, na 'yan kasuwa mutum 20. Lissafin ya yi aiki a zamanin da mutum kan buɗe shafi ya zauna yana karantawa. Bidiyo ya rushe shi, domin mai kallo yana jan bayanai ba ƙaƙƙautawa har sa'a biyu. A watan Maris na 2020, da kullen korona ya tara kowa a gida, sai da Netflix da YouTube suka rage ingancin hoto a Turai bayan roƙon jami'in Tarayyar Turai Thierry Breton.

Ƙorafina yana kan ɓoyewa. Kamfani na ganin cikar kowace hanya a allonsa, ya san cibiyar da ke toshewa kowane dare, ya san faɗaɗa ta kuɗi ne, amma ya ci gaba da ɗora sababbin masu biya a kanta yana tallar gudun asuba. Birtaniya ta taɓa yarda a rubuta “har zuwa kaza” muddin kashi 10 cikin ɗari na masu saye na samunsa. Daga Mayun 2018 aka ce a'a, lambar talla ta zama wadda aƙalla rabinsu ke samu tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare. A 2019 hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta ƙara da cewa kamfanonin da suka sa hannu a ƙa'idarta su faɗi mafi ƙarancin gudun da suka lamunce, in sun gaza gyarawa cikin kwana 30 mutum ya fita ba tara. Ostireliya ma gudun ƙarfe 7 zuwa 11 na dare take so a nuna. Wannan ce lambar da ta cancanci zama a kan kowace takardar yarjejeniya, ko a wace ƙasa.

Masu jiran faiba, wato wayar gilashi mai aika bayanai da haske, ta kawo ƙarshen zancen su rage buri. A tsarin faiba da ake kira GPON, kusan gigabit 2.5, wato megabit 2,500, ake raba wa gidaje har 32 ko 64. Hanyar ta faɗaɗa ƙwarai, rabon dai yana nan.

Kafin ka sayi sabuwar na'ura, haɗa kwamfutarka da na'urar intanet ta kebul kai tsaye, ka ajiye Wi-Fi gefe, ka auna gudu da asuba da kuma ƙarfe tara na dare har mako guda. Nisa daga cibiya ko ruɓaɓɓiyar waya ba su san agogo ba, rauninsu ɗaya ne safe da yamma. In kuwa lambar dare kaɗai ke faɗuwa, to da wannan sakamakon awon za ka tunkari kamfani. In kuma ka yanke shawarar sauya sheƙa, fara tambaya ko sabon kamfanin na da hanyarsa ta kansa daga cibiyar, don wasu hayar hanyar da ka gudo daga gare ta suke yi.