Hosfot ɗina ya kwance min zani a falon surukai

Tunda labarin ya riga ya zagaye majalisa kowa yana ƙara masa gishiri, bari in faɗa da bakina kafin wancan ɗan rainin wayon ya ce muku har kuka na yi. Ban yi kuka ba. Gumi ne.

Kun dai san yadda aka yi na samu sunan Injiniya. Wayar Gwaggo ce ta daina kira ta daina shigowa, har ana shirin kai ta Farm Centre, na karɓa na ja sikirin ƙasa na ga alamar jirgi a kunne, na kashe. Shi ke nan fa aikin da na yi. Gwaggo ta bi dangi gida gida tana cewa yaron nan kansa yana ja, ni kuma ban musa ba, wa yake ƙin suna? To mutuniyar, wadda nake nema, ita ce ta je ta faɗa wa babanta Alhaji cewa ai na iya kwamfuta, ranar Asabar bayan la'asar sai ga kira wai in zo laftof ɗinsa ta ƙi ganin waifai. Na saka shaddar nan ruwan toka, na fesa turare har mai adaidaita yana atishawa.

Na shiga falo na durƙusa na gaishe shi, na samu gefen kafet na zauna. Kawu yana nan. Kun san Kawun da nake nufi, wanda ko ɗaurin aure ko zaman makoki sai ka gan shi a kujerar da ta fi kusa da fanka. Autan gidan kuma yana kwance a bayan kujera yana buga gem a waya, ko kallona bai yi ba. Laftof ɗin tsohuwa ce landan yus mai Windows 10, maifai ɗin kuma, 'yar na'urar da ke ba gidan waifai, yana kan teburin talabijin a kan ɗan kyalle mai ado kamar wani kayan lefe.

Da na duba na ga ba ta nuna waifai ɗin gidan, maimakon in yi shiru in bincika, sai shaiɗan ya ce min ga damar nuna ilimi. Na gyara murya na ce Baba ai waifai iri biyu ne, akwai mai 2.4 akwai mai 5, mai 2.4 ya fi ratsa bango ya fi kai nisa amma bai kai ɗayan gudu ba, mai 5 kuwa gudu gare shi amma da ka shiga ɗaki na biyu ya fara numfarfashi, kuma tsofaffin laftof da yawa mai 2.4 kaɗai suke gani. Na ƙara da cewa ita ma Windows 10 ɗin ai tun Oktoban 2025 aka daina tallafa mata. Duk gaskiya ne fa abin da na faɗa, matsalar kawai ba shi da alaƙa da ciwon laftof ɗin, don ba waifai ɗin gidan kaɗai ba, ko na maƙwabta ɗaya ba ta gani, kuma da ina da hankali a nan ya kamata in tsaya. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce ma sha Allah. Kawu ya ce uhm.

Na buɗe Chrome a wayata na rubuta 192.168.8.1 don in shiga saitin maifai ɗin, ya nemi faswod, na saka admin, ya ƙi. Na saka admin da babban baƙi, ya ƙi. Na saka 12345678, ya ce in dakata. Ashe babban yayansu ne ya saita shi kafin ya koma Abuja ya canja komai. Sai na ce a ba ni tsinke. Wallahi Kawu daga bakinsa ya zaro tsinken sakace ya miƙo min, na karɓa da hannu biyu saboda ladabi, na soka a ɗan ramin nan na riset na danne har fitilun suka ɗauke suka dawo.

Daƙiƙa goma ba a yi ba na ji muryar Hajiya daga cikin gida: wai wa ya taɓa waifai ne?! Ashe tana bidiyo kol da 'yarta ta Jidda. Sai wata murya daga sama, sai wata daga kicin. Gidan gaba ɗaya na sauke daga intanet da tsinken Kawu. Shi riset abin da yake yi shi ne ya mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani, suna da faswod duk su koma na asali, na juya bayan maifai ɗin ina neman takardar da ake mannawa, wayam, babu komai sai sheƙi.

Alhaji ya duba agogo ya ce ƙarfe biyar yana da mitin na Zoom da 'yan ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai, kuma shi ne shugaba. Saura minti takwas. Ya ce Injiniya ko za ka ɗan ara min naka na waya? Na ce haba Baba ai ba komai, na kunna hosfot da saurina ina murna na samu hanyar wanke kaina. Na manta sunan da na saka masa.

Alhaji ya saka tabarau, ya ɗan janye wayar nesa da fuska irin yadda manya suke yi, ya fara karanta jerin sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunan 'yan aji. Ya karanta na maƙwabcinsu. Ya karanta wani mai lambobi. Sai ya yi shiru, ya matso da wayar, ya sake janyewa, sannan a hankali kalma kalma ya ce: Ku... sayi... data... matsiyatan... banza.

Falon ya yi tsit, fanka kaɗai ke magana. Kawu ya ce su waye matsiyatan? Na ce ai Kawu yaran unguwa ne yanzu ba su da tarbiyya, wataƙila na wani maƙwabci ne. Alhaji ya ce Allah ya shirya, to kunna naka mana. Na ce to. Na sunkuyar da kai na kashe don in canja sunan da sauri, sai Alhaji ya ce af, ya ɓace. Hannuna yana rawa na kasa gano inda ake canjawa, a wayar da kullum nake ciki, yatsana ya sake kunnawa, Alhaji ya ce ga shi ya dawo. Na kashe. Ya tafi. Daga bayan kujera sai muryar auta, ko ɗago kai bai yi daga gem ɗinsa ba, ya ce Baba duk sanda yaya ya danna wayarsa yake ɓacewa, kuma ka ga sandunansa a cike suke, a ɗakin nan yake.

Yaron nan aji biyu yake a ƙaramar sakandare. Ni na saya masa ayis kirim ranar sallah.

Kuma don Allah ku bari in yi bayanin sunan nan, don ba haka kawai na zama marar mutunci ba. Mutuminku ne sila, wanda muke haya ɗaya da shi, kun san shi, mai cewa minti biyu kawai zan duba WhatsApp. Bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a Janairun 2025, na daure na sayi data ta wata guda ina lallaɓa ta kamar jinjiri, ko sitatus ɗin mutane ba na buɗewa sai na ga ba bidiyo ba ne. Ya zo ya ce in ba shi hosfot zai tura takarda ɗaya ta imel. Ya jona laftof ɗinsa wadda ta yi wata huɗu ba ta ga intanet ba. Ita kuwa kwamfuta idan ta ga waifai ɗauka take an kai ta gidan biki ne, ta fara jan afdet iya cikinta, sai dai idan ka shiga saiti ka gaya mata wannan layin a ƙirge yake. Na gaya masa ya kunna wannan saitin, ya ce ya kunna. Ƙarya yake. Na je sallar isha'i na dawo na tarar da saƙo wai saura megabait ɗari. Rana ta uku ga wata! Da na yi magana sai ya ce ai kai ma ka san netwok ɗin nan ɓarayi ne. Har yau bai biya ni ko naira ba, kuma ranar da ya sayi tasa datar a banɗaki yake kallon ƙwallo don kar in gani. A daren na canja sunan, da na so in rubuta fiye da haka ma, harafi 32 kaɗai sunan waifai yake ɗauka shi ya cece shi. Kuma shi ne fa yanzu yake yawo da labarina a majalisa.

To mu koma falo. Alhaji bai ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya danna matsiyatan banza ya ce faɗo faswod. Na miƙa hannu na ce Baba kawo in saka maka. Ya ce a'a, shi ba ya ba kowa wayarsa saboda manhajar banki, in faɗa kawai yana ji. Daidai lokacin labule ya ɗaga, mutuniyar ta shigo da tire, zoɓo mai sanyi da cincin, tana ɗan murmushin nan na ga Injiniyana yana aiki.

Faswod ɗin tun 2021 na saka shi ban taɓa canjawa ba. Sunan waccan ne. Ba sai na faɗa ba, duk kun je kamun ƙafar da bai yiwu ba. Kuma da yake faswod ɗin waifai ba ya karɓar ƙasa da harafi takwas, sunanta kuma biyar ne, sai na cika da harabada.

Na fara faɗa harafi ɗaya ɗaya da ƙaramar murya ina fatan ba za a haɗa ba. Alhaji ya ce ɗaga murya ɗana, kunnen ya tsufa. Na faɗi na farko, ya ce babba ko ƙarami? Na ce babba. Na biyu. Na uku. A na huɗu na ji tiren ya sauka a kan tebur da ƙarfin da ya fi na zoɓo. Alhaji ya gama ya danna, ya ce ya ƙi. Ashe ya saka tazara tsakanin har da abada, saboda shi tsohon malamin makaranta ne ba zai rubuta Hausa ba daidai ba. Aka sake daga farko. Wannan karon shi yake maimaitawa da bakinsa bayan na faɗa, ya haɗa sunan ya furta shi cikakke, sannan ya ce har abada ɗin a haɗe ko? Na ce a haɗe Baba. Kawu ya ajiye kofi ya ce tsaya, wannan ba 'yar gidan mai katifa ba ce ta bayan masallacin Juma'a? Ai da ubanta muka yi aikin hajji. Yarinya mai hankali wallahi. Ita ai ta yi aure ko?

Na ce ta yi Kawu. Ya ce to har abadan ta ƙare kenan.

Ban san sanda mutuniyar ta fita ba, labulen kawai na ga yana lilo.

Ya jonu dai. Alhaji ya shiga mitin yana ta assalamu alaikum kuna ji na, ni kuma ba halin tafiya don in na fita da wayar mitin ya mutu, haka na zauna a gefen ƙafarsa riƙe da waya a sama kamar turken eriya. Ana cikin haka auta ya gaji da gem ya taso, ya kalli laftof ɗin ya danna Fn da wani maɓalli mai hoton jirgi, nan take waifai na unguwa gaba ɗaya suka zubo. Alamar jirgi ce. Alamar jirgin da ta ba ni suna a dangi. Sannan ya ɗauki maifai ɗin ya ɓalle murfin baya da farce ya ciro batir, ga takardar nan a manne a ciki da suna da faswod. Minti biyu bai cika ba ya mayar da gidan kan intanet, ya leƙa ciki ya ce Umma an gyara. Na ji Hajiya tana cewa Allah ya yi wa Injiniya albarka, auta ya ce ni ne fa.

Na ce wa Alhaji da hannu ko ya koma na gida tunda ya dawo, ya yi min alamar in bari kar ya yanke. Zoom na kyauta minti 40 yake yi ya katse, na ce alhamdulillahi, sai suka sake shiga. Sau biyu. Rabin mitin ɗin a kan wanda bai kashe makirfonsa ba ne ana jin awaki. Kawu ya shanye zoɓona ya cinye cincin, da aka kira magariba ya tashi ya dafa kafaɗata ya ce ina tsinkena?

Saƙo bakwai na tura mata tun ranar, duk sun yi shuɗi, amsa ɗaya na samu, wai a gaida har abada. Sunan hosfot yanzu Assalamu alaikum ne, mutuminku kuma jiya ya gani ya zo yana tambaya ko na shiryu ne a ba shi faswod.

Cajata ma a can na baro ta a jikin soket ɗin bayan talabijin, orijina ce mai saurin caji. In akwai wanda hanyarsa ta bi ta layin don Allah, ni dai ba yanzu ba.