Ba mai sayar da mota manhaja ke fara kora ba

Mutane da yawa sun ɗauka in kwamfuta ta shigo kasuwancin motoci, mai tarbar abokin ciniki shi ne farkon barin aiki. Ba haka abin yake ba. Aikin da ake fara ragewa shi ne na ofis: cike takardun bashin banki, rijistar mota, amsa waya, tsara ranar kai mota gareji, da lissafin motocin da ke ajiye. Ayyuka ne masu maimaituwa, shi ya sa manhaja ke yin su cikin daƙiƙoƙi.

Inda take tuntuɓe shi ne kimanta tsohuwar mota. Tana duba shekarar ƙira, kilomitan da aka yi, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, sannan ta yanke farashi. Amma daga waɗannan bayanai kaɗai ba ta ganin tsatsar ƙarƙashin mota, ko fentin da aka rufe ciwon hatsari da shi, ba ta kuma jin ƙarar giya. Kamfanin da ya sallami masu duba mota don ya yi tsimin albashi, sai ya riƙa sayen ruɓaɓɓun motoci da tsada, asarar kuma ta fi albashin yawa.