Ba yawan ƙwallaye ke raba gardama a hoki na ƙanƙara ba

Masu bin sakamakon ƙananan rukunan gasar duniya ta hoki na ƙanƙara a Kano sukan karanta teburin da idon Firimiya, kamar yadda aka saba a gidan kallo: maki ya zo ɗaya, sai a duba bambancin ƙwallaye. A gasar IIHF, hukumar hoki na ƙanƙara ta duniya, ba haka abin yake ba.

Da farko, babu kunnen doki. Wasa zango 3 ne, kowanne minti 20. Wanda ya ci wasan a ƙarshen zangon 3 yana da maki 3. In aka tashi daidai, ana ƙarin lokaci, in ba a rabu ba a yi bugun daga kai sai gola. Wanda ya ci wasan ta wannan hanya yana da maki 2, wanda aka doke maki 1.

Nan ne ake yawan kuskure. In ƙasashe 2 suka yi daidai a maki, wasan da suka kara tsakaninsu shi ke yanke hukunci. Ƙasa kamar Afirka ta Kudu, da ta daɗe a Rukuni na 3, ko ta zura ƙwallaye 15 a ragar wata, in abokiyar takararta ta doke ta 2-1, tana ƙasa da ita. Kuma ƙasar da ta zo ta ɗaya a teburin ce ke hawa rukuni na gaba.