Hawan jinin ido: har yaushe za mu fake da kwalbar maganin ɗigo?

An sake yin Makon Hawan Jinin Ido na Duniya a watan Maris kamar yadda aka saba, an yi tattaki da riguna masu rubutu, an auna idanun jama'a kyauta, sannan aka sallami wanda aka samu da ciwon da kwalba guda ta maganin ɗigo. Babu wanda ya tambayi wa zai saya masa kwalba ta biyu da ta ashirin, alhali kowa ya ga yadda kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Ciwon nan, wanda likitoci ke kira gilakoma, yana samuwa ne idan ruwan da ido ke samarwa ya kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya hau, ya riƙa cin jijiyar gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da shi, fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su sani ba, kuma shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Wato yawancin masu zuwa asibiti sai ɓarna ta yi nisa suke zuwa, wani ma ido ɗaya ya riga ya mutu.

Irin wannan majinyaci ne ake gaya wa ya ɗiga magani safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa, ana kiran hakan taka-tsantsan, tiyata kuwa sai an rasa yadda za a yi. A ganina wannan ragwanci ne da aka yi wa ado. Manomin da ke tafiyar wuni kafin ya ga likitan ido zai ɗiga wata biyu ya tsallake uku, wani lokacin ma jabu ya saya bai sani ba, ita kuwa jijiya ba ta jiran kaka ta yi a sayar da amfanin gona.

Aikin da ake gudu ba sabo ba ne. Tun 1968 likitan Ingila John Cairns ya bayyana tiyatar da ake buɗe 'yar ƙofa a farin ido domin ruwan ya tsiyaye ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe shi. Gaskiya ne jikin baƙar fata yana saurin yin tabo ya toshe ƙofar, shi ya sa ake shafa maganin mitomycin lokacin aikin. Idan kuma ta toshe, ko idon ya taɓa shan wata tiyata, akwai siririn bututun da ake dasawa ya kai ruwan zuwa wani ɗan faifai da aka ɗinke a jikin ƙwayar ido can ƙarƙashin fatar ido. Anthony Molteno ne ya fara shi a 1969, daga baya na Baerveldt da na Ahmed suka biyo, shi na Ahmed har da makullin da ke hana matsin faɗuwa fiye da kima. Masu kafa hujja da tsada su sani cewa kamfanin Aurolab na Madurai a Indiya yana ƙera irin na Baerveldt a kan kuɗi kaɗan. Ga kuma hasken lesa, wanda ake haska wa magudanar ruwan ido ba tare da yanka ba: gwajin da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya samu nasara a kusan kashi 61 cikin ɗari na idanun da aka yi wa shi bayan shekara guda, a kan kashi 31 na masu ɗiga maganin timolol.

Masu cewa aiki ne ke makantar da mutum suna ɗora wa wuƙa laifin ciwon da ya riga ya cinye ido kafin a zo. Masu tallar sababbin na'urorin Amurka masu tsadar gaske kuwa ba da talakanmu suke magana ba. Amma dole a faɗa wa wasu likitoci tasu gaskiyar: aikin yanar ido yana fitar da mutum yana gani yana sa albarka, aikin gilakoma kuwa tsayar da ɓarna kawai yake yi, ga zirga-zirgar dubiya bayansa, saboda haka da yawa sun gwammace su rubuta magani su kare sunansu. Suna ya tsira, ido ya tafi.

Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa ba za su ɗauke wannan kaya su kaɗai ba. Jihohi su tura likitocinsu su ƙware a aikin, hukumar inshorar lafiya ta ɗauki nauyin bututun, a kuma karkatar da kuɗin riguna da tattakin baɗi wajen sayen na'urar lesa ko da guda ɗaya ce a kowane babban asibitin jiha.